Addu'ar da Na Roƙa Wurin Dattijon Bangaladash

Tun da na dawo daga Faransa ƴan fadarmu ba su bar ni na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Wannan ya ce yaya sanyi, wancan ya ce wai da gaske karnukansu riga suke sawa. Na gaji da maimaitawa, kuma duk wanda ya ji sai ya ƙara nasa ya kai gaba. To ga shi na rubuta sau ɗaya. Ban yi karatun lakwal mai nisa ba, tun ina yaro na bi kamyo, babbar motar kaya, har na tsufa a bisa sitiyari, saboda haka wanda ya ga kuskure ya gyara a ransa ya ƙyale ni.

Ba yawon buɗe ido ya kai ni ba. Ɗana na fari ne, ba sai na kama sunansa ba, kun san shi. Ya tafi Liyon karatun injiniya, muna nan muna taƙama. Sai wani hoto mai motsi ya zaga wayoyin Maradi, ni ne na ƙarshen gani: ga shi bisa dandali, an shafe masa fuska da gari, Turawa na dariya. Na kira shi. Ya ce, "Baba, na ajiye karatun. Wasan kwaikwayo nake yi, shi ne aikina." Na ce masa ko ya bar shi, ko ya manta da albarkata. Daga ranar ban ƙara ɗaukar wayarsa ba. Uwarsa ta daina yi mini magana sai ta dole. Da abin ya ishe ni sai na yanke shawara in je da ƙafata: ko in dawo da shi, ko in faɗa masa ido da ido cewa ba ni ba shi.

Wahalar biza ba zan ɓata takarda a kanta ba. Daga Maradi zuwa Yamai na shiga bas, kuma babu azabar da ta kai tsohon direba ya zauna baya yana kallon yaro na tuƙi. Duk ramin da ya faɗa sai ƙafata ta taka birkin da babu. A jirgin sama kuwa ban ji tsoro ba, gwiwoyina ne suka ji jiki. Mun sauka Kazablanka muka canja jirgi. Can na shiga yin alwala na tarar da famfo ba shi da kan murɗawa. Na duba sama na duba ƙasa. Da na janye sai ruwa ya zubo, da na kai hannu sai ya tsaya. Wani Balarabe ya kama hannuna ya riƙe a ƙarƙashi kamar na jariri, sannan muka shirya da famfon.

A Paris ɗan sandan iyaka ya tambaye ni me na zo yi. Da ɗan Faransancina na hanya na ce ganin ɗana. Ya ce, "Zai ji daɗi," ya buga hatimi. Na ce a raina, ba ka san komai ba. A wurin duwan, masu binciken kaya, wani kare ya zo ya kafa hanci a jakata, daidai inda rigar sallata take. Kilishin da uwar yaron ta cusa ba da sanina ba ya shinshino. Suka ce nama ba ya shiga ƙasarsu, suka karɓe, da ladabi ƙwarai, har da godiya. Ban taɓa ganin an ƙwace wa mutum abu ana yi masa godiya ba sai ranar.

Isufu, ɗan tsohon maigidana, shi ya tarbe ni ya sauke ni. Yana aikin ofis, kowa a Maradi na cewa ya yi arziki. Gidansa can ƙololuwar bene, ɗakin da ya ba ni bai fi kan kamyo girma ba, in na miƙe ƙafa sai ta gai da ƙofa. Amma shi da matarsa sun yi mini abin da ɗa ke yi wa uba. Ta tuƙa mini tuwo da miyar kuka, na tambaye ta ina ta samo, washegari Isufu ya kai ni Shato Ruj in gani.

A jirgin ƙarƙashin ƙasa muka je, wanda suke ce wa metiro. Da na shiga na yi sallama da ƙarfi yadda aka koya mini tun ina yaro. Ba wanda ya ɗaga kai. Wata tsohuwa ta jawo jakarta ta rungume.

Isufu ya ce, "Baba, nan ba a gaisuwa."

"Rasuwa aka yi musu?"

"A'a, haka suke kullum."

Shato Ruj kuwa kasuwarmu ce aka ɗauko aka dasa cikin sanyi: gero, daddawa, busasshiyar kuɓewa, atamfa, mahauta masu yankan halal. Wata Hajiya Badamagara mai shago ta ji Hausata ta ce, "Ɗan Maradi, me ka zo saye da ba ka bari a gida ba?" Na ce na zo ganin yadda Damagarawa ke rawar ɗari. Ta yi dariya, ta ba ni goro, ta ƙi karɓar komai.

Isufu bai samu izinin raka ni Liyon ba, sai ya haɗa ni da maƙwabciyarsu, Madam Saratu, mutuniyar Jos, Kirista, mai aiki wurin haɗa magunguna. Aiki zai kai ta can. Mace ce mai baki, Hausa da Turancin Ingila duk a hannunta.

A tashar jirgin ƙasa abin ya faru. Saratu ta tafi sayen kofi ta bar ni da kaya. Sai na ga taron samari irin mutanen Indiya sun kewaye wani dattijo. Farar riga har ƙasa, farar hula, gemu ya sha lalle ja wur, carbi a hannu. Wannan ya sumbaci hannunsa, wancan ya taɓa ƙafarsa, wani na kuka, wasu na ɗaukar hoto. Ku da kanku kun san irin mutanen nan masu jan gemu da ke zuwa masallatanmu da'awa. Na ce yau Allah ya haɗa ni da babban shehi, kuma ga ni da buƙata.

Na tuɓe takalma nan bisa siminti mai sanyi kamar ƙanƙara, na kutsa, na durƙusa, na kama hannunsa na ɗora a kaina. Samarin suka zuba mini ido. Dattijon ya dube ni da mamaki, ya ɗaga ni, ya rungume ni, ya yi wata magana da ban ji ba.

Saratu ta dawo ta same ni ba takalmi. "Baba, lafiya? An yi maka sata?"

"Shehi na gani. In mun shiga jirgi za ki kai ni wurinsa ki yi mana tafinta."

Ta leƙa ta dube shi. "Ka tabbata malami ne? Ni ban taɓa ganin malamin da ake rataya wa furanni a wuya ba."

"Ke Kirista, me kika sani game da malamai?"

"To, Baba. Sa takalminka dai kada mura ta kama ka."

Jirgin nan gudu yake kamar an koro shi, amma ko kofi ba ya zuba. Da muka fita gari muka bi tarago-tarago har muka same shi zaune shi kaɗai gefen taga. Ya gane ni, ya nuna mana kujeru. Na ce wa Saratu ta faɗa masa kalma-kalma: ina da ɗa da shaiɗan ya ja cikin ƴan wasan kwaikwayo, ina roƙon ya yi addu'a Allah ya raba shi da wannan sana'ar banza.

Ta faɗa masa da Turancin Ingila. Dattijon ya sa ta maimaita. Sai kafaɗunsa suka fara rawa. Ya yi dariya har hawaye ya jiƙa jan gemun, har tari ya sarƙe shi. Ya yi mata magana, ita ma ta toshe baki da gyale.

"Me ya ce?"

"Baba, ka yi haƙuri. Ya ce shi ɗan fim ne. Fiye da shekara arba'in yana yi, a ƙasarsu Bangaladash. Kuma ba jarumi yake fitowa ba. Shi ne mugun."

Ya ciro waya ya nuna mini. Ga shi da ƙuruciya, gashin baki kamar ƙahon sa, ido jajur, ya cinna wa bukkar talakawa wuta yana ƙyaƙyata dariya. Ga shi ya shaƙe wata yarinya. Da wannan hannun, wanda na ɗora a kaina. Mu da muka taso muna jifan miyagun cikin fim ɗin Indiya da ɓawon rake a silimar Maradi, yau ga ni na tuɓe wa ɗayansu takalmi a gaban jama'a. Na so ƙasa ta tsage, amma jirgin bai tsaya ba.

Na yunƙura zan tashi, ya riƙe mini riga. Ya buɗe wata ƴar kula, shinkafa da kifi da yaji mai tsanani, ya wanke hannu da ruwan gora ya sa, ya ce bismillah. Mutumin da ke ci da hannu a ƙasar cokali ba a ƙi masa tayi. Muka ci, yana ba da labari, Saratu na juyawa.

Ƙasarsu maƙwabciyar Indiya ce, in ji shi, yawancinsu Musulmi, kuma ruwa ya fi ƙasa yawa. A ƙauyen bakin kogi aka haife shi, ubansa limamin ƙaramin masallaci. Yana saurayi ya gudu Daka, babban birninsu, ya zama mai ɗaukar fitilu da wayoyi ga masu shirya fim. Wata rana ana neman wanda za a jefa daga kwalekwale, aka rasa wanda ya iya iyo sai shi. Da mai shirya fim ɗin ya ga fuskarsa a allo sai ya ce masa, da wannan girar ba za ka taɓa auren yarinyar fim ba, amma ba za ka rasa aiki ba. Haka kuwa aka yi. An harbe shi, an rataye shi, an jefa shi daga gada, maciji ya sare shi, ya ce shi kansa bai san sau nawa ya mutu ba.

Wata mai kifi ta taɓa kwaɗa masa kifi a fuska cikin kasuwa saboda wata marainiya da ya kora daga gida a fim. Masu gidan haya sun sha hana shi ɗaki. Ko a Makka, wani alhajin ƙasarsu ya gan shi cikin harami ya ce, kai ma an bar ka ka shigo? Ya nuna mini haƙoran gaba, duk na roba ne. Gwiwa ɗaya ƙarfe ce. Yanzu gidajen silima da yawa an rushe su an yi kantuna, shi kuma sai kaka yake fitowa a talabijin in ƙafa ta yarda. Samarin tasha ƴan ƙasarsu ne masu aiki a gidajen abinci, da fuskarsa uwayensu suka riƙa tsorata su suna yara. Liyon kuma wurin ɗiyarsa za shi, a duba masa gwiwar.

Na ce, "Duk dukan nan da gaske ake yi masa?"

Ya ce in kai masa naushi, amma in tsaya kusa da kunci, kada in taɓa. Na ƙi, ya matsa. Na kai hannu a hankali. Wallahi ko gashin gemunsa ban taɓa ba, sai mutumin nan ya wurga kai baya, ya bugi taga, hula ta tashi, ya sulale yana nishi, ido ya juye. Wata Baturiya ta ƙwalla ƙara. Mai duba tike ya taho da gudu. Ga baƙin mutum tsaye da dunƙulallen hannu, ga tsoho a ƙasa. Na ce shi ke nan, a kurkukun Faransa zan ƙare. Sai tsohon ya buɗe ido ɗaya, ya tashi, ya ɗauki hularsa, ya rusuna musu. Saratu ta sha bayani kafin mai tike ya tafi yana girgiza kai.

Ya ce mini sana'ar ke nan. Jarumi hannu kawai yake kaɗawa, wanda ya faɗi shi ke sa mutane su yarda an yi duka.

Da aka natsa sai ya daina dariya. Ya yi magana mai tsawo yana kallon taga, na ga ita ma Saratu muryarta ta sauka.

"Ya ce addu'ar da ka roƙa, ubansa ya yi ta a kansa shekara da shekaru, bayan kowace salla. Ya aika masa cewa kada ya taka gidansa sai ya tuba. Ya ce bai bar fim ba. Gida ya bari. Ranar da uban ya rasu lokacin ambaliya ne, kafin ya samu jirgin ruwa an rufe shi. Ya ce yanzu ya girmi ubansa a shekaru, ya je hajji, yana da jikoki, amma har gobe in abu ya lalace masa sai ya ce rashin albarkar nan ne."

Saratu ta ci gaba.

"Ya ce ba zai ce maka sana'ar kirki ce ba, ta ci haƙoransa ta ci ƙafarsa. Amma ka taɓa ganin yaron yana yi, ban da guntun hoton waya?"

Na ce ban taɓa ba.

"Ya ce to ka je ka gani tukuna. In bai iya ba, ka ja kunnensa ka kai shi gida, don sana'ar ba ta tausayin wanda bai iya ba. In ya iya, kai ka san abin da za ka yi da bakinka."

Sannan ya ɗaga hannu ya ce shi ba malami ba ne, amma ɗan liman ne. Ya ja Fatiha daidai, ba gyara. Ya ci gaba da harshensu, wanda Saratu ba ta ji. Na shafa na ce amin, ban san ga me ba.

A tashar Liyon ɗiyarsa ta zo da keken guragu ta ɗauke shi. Ya ɗaga mini hannu, ban ƙara ganinsa ba. Ko sunansa bakina bai iya riƙewa ba.

Yaron nawa na tsaye yana jira, Isufu ya sanar da shi. Ya rame. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa da hanci. Ya kai ni Benisiye, unguwar dogayen benaye, Larabawa da baƙaƙe cike. Da safe yana aikin ɗaukar kwali a wani babban sito, na ga tafin hannunsa ya yi kanta irin nawa. Ya bar mini gado ya kwana ƙasa. Ya dafa shinkafa da wake, mai ya yi yawa. Kwanaki muna zaune kamar baƙi biyu a tasha, ba wanda ya taɓo maganar. Ran Asabar bayan azahar na ce, "Kai ni in ga abin."

Ya dube ni kamar bai ji ba. "Baba, da Faransanci ne."

"Ido na zo da shi, ba kunne ba."

Wani zaure ne na unguwa, mutane ba su cika shi ba. Aka yi ta surutu da tsalle-tsalle, ban gane komai ba, har na fara shirya maganar da zan yi masa. Sai aka bar yaron shi kaɗai da kujera biyu. Ya zagaya su yana bugun iska da ƙafa, ƙasa-ƙasa, kusurwa bayan kusurwa. Na gane nan take: taya yake dubawa. Ya kama abin da babu ya hau, ya zauna, ya yi bismillah, ya murɗa. Ya taka sau biyu kafin ya sa giya, yadda tsohuwar mota mai kaya ke so. Ya ɓare goro da haƙori. Barci ya fara fizgarsa, ya mari kansa, ya leƙa da kai waje iska ta buge shi. Ya iso shinge, ya sauke gilas, ya yi wa jandarma irin murmushin nan da ba ya kai ciki. Mutane na ta dariya. Sai motar ta mutu masa a daji. Ya sauka, ya buɗe, ya duba, ya koma ya zauna gefen hanya, ya dafe ƙugu da hannu biyu yadda nake yi in bayana ya tashi. Ya daɗe haka. Zauren ya yi tsit.

Babu mota a wurin, amma na ji warin gazuwal. Lokacin hutun lakwal nakan ɗauke shi mu yi hanyar Agadas, ina zaton barci yake yi a gefena. Ashe kallona yake.

Da aka tashi ya zo ya tsaya nesa kaɗan, gumi na zuba, yana jiran hukunci.

Na ce, "Mota da kaya ta mutu maka, ka sauka ba ka sa dutse ƙarƙashin taya ba. Wa ya koya maka haka?"

Ya ce, "Zan gyara, Baba." Sai ya juya baya yana share fuska da riga.

Ranar komawata ya rako ni tasha. Na faɗa masa gaskiya, barin karatun na ci mini rai, kuma zai ci gaba da ci. Ya ce ya sani. Jirgi ya iso, ya durƙusa nan cikin mutane, Turawa na kewaye shi da akwatunansu. Na ɗora hannu a kansa na ce, "Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa ka gama da duniya lafiya." Ya riƙe ƙafata har sai da aka busa usur.

Ina godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Ina godiya ga Isufu da matarsa, da Madam Saratu wadda ba ta ba kowa labarin takalmin ba sai da ni na fara. Dattijon nan kuma, in yana raye Allah ya ba ƙafarsa lafiya, in ya riga mu Allah ya haɗa shi da ubansa cikin rahama su shirya.

Masu tambaya ko na dawo da yaron, ban dawo da shi ba. Yana can, yana ɗaukar kwali da safe yana wasa da yamma, kuma ba zai zama injiniya ba. Na san abin da ake faɗi in na ba da baya. Albarka dai na sa masa, da bakina, da rana tsaka, kuma ba zan janye ba. Uwarsa ta ce in ya kira ran Juma'a in daina riƙe wayar ni kaɗai.